Matar da Ta Zo Karɓar Fim

Ɗiyata ta yi wa gidan adana fina-finai alƙawarin tsofaffin fina-finaina, ba ta tambaye ni ba. Ni da na tsufa ina haska su a silima! Da dare na shiga ɗakin ajiya ina ɗaure gwangwanayen, ina ta tsaki. Ɗakin duk warin tsami.

Sai ga wata mace a bakin ƙofa.

"Sannu da aiki, Baba. Na zo karɓar kaya."

"Yanzu? Ku ma'aikatan zamani ba ku da ta ido. Gobe aka ce."

"Guda ɗaya nake so, wancan na ƙasa. A ɗakin sanyi za su kulle shi, ni kuwa ba na son sanyi."

Na ɗaga fitila. Bakinta yana rufewa kafin maganar ta iso kunnena. Mayafinta ba launi, fuskarta ma haka. Wani siririn layi yana rawa daga goshinta zuwa haɓa, irin kartar da injina ke yi wa fim.

Na zauna a kan gwangwanin.

"Baba, miƙo mini."

"Ba zan bayar ba."