Makulli Mai Lamba Bakwai

Da la'asar sakaliya, ranar da aka gama gyaran injin, aka tura Delfina Arreola ta zaga ramin kafin a kunna. Aikinta ke nan shekara tara. Rami ne dogo a ƙarƙashin wani tudu a Kalifoniya, an jera maganaɗisu a cikinsa kamar taragon jirgin ƙasa. Su ke girgiza lantarki har ya fitar da hasken nan mai ratsa ƙashi, walƙiya guda wadda ƙiftawar ido ta fi ta tsawo sau biliyoyi. Da ita masana ke leƙen abin da ke motsi a tsakanin lokaci da lokaci. Ni dai na san ba mu kaɗai Allah ya halitta ba.

Doka ɗaya ce. Duk mai shiga sai ya zari makulli a allon ƙofa, kuma injin ba ya tashi sai kowane makulli ya koma gurbinsa. Ba a mayar wa wani nasa.

Ta zari mai lamba bakwai. A bakin ƙofa ta tarar da Wendell, dattijon da ya koya mata aiki.

"Tsoho, gwiwar ta bar ka yau?"

"Wuce mu je, 'yar nan. Surutu dai."

Suka shiga. Sanyi, ƙugin fanfuna, warin ƙarfe da mai. Tana danna maɓallan bincike, masu shaida an duba ba kowa a ciki, ɗaya bayan ɗaya, yana biye da ita. Sai can ta lura takunta kaɗai take ji.

Wajen maganaɗisu na goma sha tara ya tsaya.

"Kin ji ɗigar ruwa?" ya ce a hankali. "Leƙa ƙasa ki gani, ni zan ƙarasa maɓallan. Kawo makullin, kar maganaɗisu ya fizge shi."

Maganar ta yi ma'ana. Ta taɓa ganin sukurdireba ya tashi daga hannun mutum a nan. Ta miƙa masa.

Yatsunsa suka taɓa tafinta. Zafi kamar murfin tukunya.

Ta durƙusa, ta haska tocila. Siminti a bushe yake ƙayau. Ta ɗago. Babu kowa, gaba da baya, a ramin da ba shi da kwana ko lungu.

Fitilu suka dushe.

Jiniya ta ɗauka. Muryar lasifika ta ce an rufe rami, haske na zuwa nan da minti biyu.

Ta san abin da hasken ke yi wa naman mutum.

Jan maɓallin tsayarwa na can jikin bango, taku talatin. Ta zabura. Iska ta cika da warin waya mai ƙonewa. A kunnenta, dab da wuya, muryar Wendell ta ce, "Tsaya ki gani mana. Ku ba gani kuke so ba?"

Ba ta waiga ba. Addu'ar kakarta take ja.

Ƙafarta ta harɗe. Ta rarrafa.

Ta kai wa maɓallin duka da tafin da ya ƙone.

Jiniya ta mutu.

Wanda ya fara buɗe ƙofa Wendell ne, yana ɗingishi, fuskarsa kamar toka. Tun azahar bai bar ɗakin sarrafa injin ba, mutum huɗu suka shaida. Shi ne ya ga allo ya cika, shi ne ya ɗora hannu zai kunna. Hoton kyamara ya nuna Delfina ta shiga ita kaɗai, tana magana, tana dariya, tana miƙa wa iska hannu.

Masu bincike suka rubuta cewa kuskuren ma'aikaciya ne. Ba su rubuta wanda ya mayar da makullin ba.

Wendell ya ajiye aiki a watan. Delfina ta koma ɗinkin labule a gidan yayarta, tabon yatsu uku a tafinta har yau. Makulli na bakwai kuwa an bar shi a allo, ba mai zararsa. Masu aikin yamma sun ce in ka kai hannu kusa da shi, da ɗuminsa, kamar yanzu wani ya ajiye.