Ƙwayoyin da Auta Ta Ɓoye

Auta 'yar aji biyar ce. Da cutar HIV aka haife ta. Kullum da safe takan sha ƙwaya ɗaya, ta tafi makaranta lafiya garau.

Wata rana Gwaggo, yayar Baba, ta kawo musu ziyara. Aka zuba abinci. Auta ta miƙa hannu, sai Gwaggo ta janye kwanon.

"A zuba mata nata daban," in ji Gwaggo. "Ni ban zo ɗaukar ciwo ba."

Umma tana kicin, ba ta ji ba. Auta ta shige ɗaki, zuciyarta tana tafasa.

"Tunda ƙyamata ake yi, me zan yi da magani?" ta ce a ranta.

Daga ranar, in Umma ta ba ta ƙwaya, sai ta tura ta ƙarƙashin katifa.

Bayan 'yan makonni, zazzaɓi da tari suka kwantar da ita. Har jarrabawa ta wuce ta.

Umma tana gyaran gado, sai ga ƙwayoyi sun zubo ƙasa.

"Auta! Mene ne wannan? So kike ki kashe ni da raina?"

"Ba zan sha ba!" Auta ta ɗaga murya. "Gwaggo ta ce ciwo zan shafa mata!"

Idon Umma ya kaɗa ya yi ja. Ta kai Auta asibiti, ta aika a kirawo Gwaggo.

"Yaya, dubi abin da maganarki ta jawo," in ji Umma bayan Gwaggo ta iso.

Likita ta dubi Gwaggo ta ce, "Baiwar Allah, ba a ɗaukar cutar nan a kwano ko a kofi ko a gaisuwa." Sannan ta juyo wajen Auta. "Ke kuma, da wa kika yi fushi?"

"Da Gwaggo."

"To, wa ke kwance yanzu?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ni."

Gwaggo ta matso, ta riƙe hannunta. "Rashin sani ne, 'yata. Ki yafe mini."

Auta ta ci gaba da shan maganinta. Ta murmure, ta koma aji, ƙawayenta suka tarbe ta da ihun murna.

Ta gane cewa in an ɓata maka rai, gaya wa babba za ka yi. Kada ka huce fushi a kan lafiyarka.