Gangaren Chalus

Kambiz ya san giyar motarsa tana zamewa a gangara. Duk da haka ya sayar wa Agha Nosrat, tsohon malamin da ya koya masa karatu, mutumin da ba ya hawa mota sai ƙirar gida.

"Ƙarfen ƙasarmu ba ya cin amana," in ji tsohon ranar ciniki, yana shafa bonet. Kambiz ya haɗiye maganar da ke bakinsa, ya je ya sayo ta waje. Bayan mako uku aka ciro motar tsohon da gawarsa daga kwazazzabo a hanyar Chalus. Ko gaisuwar mutuwa Kambiz ya kasa zuwa.

Wata rana bayan magariba tafiya ta bi da shi ta wurin, gajimare ya sauko ya rufe duwatsu. Wani mutum ya ɗaga masa hannu, Kambiz ya tsaya. Mutumin ya shigo gaba, hula ta rufe masa fuska. Kujerar ko lotsawa ba ta yi ba. Warin ƙonannen mai ya cika motar.

"Ina za ka, baba?"

"Nan ƙasa kaɗan. Ta waje ce wannan?"

"Ta waje ce."

"Madalla. Ka iya zaɓa wa kanka."

Kambiz ya ci gaba da tuƙi. Suna shan kwana gangara ta buɗe a gabansu, sai wani hannu mai sanyin ƙanƙara ya sauka a kan nasa bisa sandar giya.

"Sa ta biyu, ɗana," in ji muryar a hankali. "Tawa daidai nan ta ƙi shiga."