Suwaiba da Mai Ɗakin Jama'a

Neman kakarta ne ya kai Suwaibatu Ɗakin Jama'a na Tudun Wada a garin Gombe.

Tun bayan ƙaramar sallah Inno ta tsiri fita da hantsi. Sai ta yafa mayafi ta ce za ta gaida mara lafiya, ba a sake ganinta sai azahar. Da marasa lafiyan suka ƙi ƙarewa, Alhaji Joda ya ce wa 'yarsa ta bi sawun tsohuwar, ta gano masa inda take zuwa.

Ranar wata Lahadi ta bi ta tun daga gidansu a Jekadafari, har ta ga ta shige tsohon siton audugar Alhaji, wanda ya ara wa mutanen unguwa shekarun baya. Suwaibatu ta leƙa. Mata ne zaune a tabarmi, kowace da allonta, Inno a sahun gaba. A gaban babban allo kuma wani dogon saurayi ne, alli ya ɓata masa riga da gefen kumatu.

Inno ta waiwayo ta gan ta, ko a jikinta. Ta ce, “Shigo ki gaida angona. Ja'afaru, ga jikata, ita ma malama ce, an ba ta takarda tana zaman jiran aiki.”

Ja'afaru ya gaishe ta, ya yi bayanin cewa ajin na Selina ne, ungozomar da ke awon jarirai a wurin, shi yana riƙe mata ne ran Lahadi idan ta tafi coci. Yana magana yana share kumatunsa, yana ƙara shafa wa kansa alli. Suwaibatu ta yi ta danne dariya har ta kasa. Shi ma ya yi dariya bai san dalili ba.

Kafin ta fita ya roƙe ta, in da hali, ta riƙa taimaka wa Selina. Ya ce babu albashi, sai godiya da ruwan randa. Ta ce za ta tambayi Baaba.

Alhaji bai hana ba. Ya ce gara ma, ta riƙa sa masa ido a kan tsohuwa.

A hankali ta fahimci yadda wurin yake tafiya. Kwamitin unguwa ne ke riƙe da shi, kowa da abin da yake kawowa. Kafinta ya haɗa benci, direbobin tasha suna kawo kananzir, Iya mai waina ita ke share fili kafin ta ɗora tanda. Da hantsi ajin mata da awon jarirai, bayan la'asar ajin maza, ran Juma'a kuma a taru a saurari rediyo. Ja'afaru akawu ne a tashar jirgin ƙasa, iyayensa mutanen Katsina ne, kuma daga ofis nan yake wucewa, kullum.

Da yake ba su cika haɗuwa ba, sai ya riƙa bar mata saƙo a ƙasan babban allo.

“Malama, allin yana cikin gwangwanin madara. Allah ya saka da alheri.”

Ita kuma ta rubuta kafin ta tashi: “Na gani. Ka rage cin allin dai, Sarkin Alli.”

Washegari ta tarar da: “Sarki ya ji. Amma sarauta ba daɗi in ba mai yi mata faɗa.”

Haka suka yi ta yi har damina ta kusa. Abin da suka manta shi ne ɗaliban nata sun fara iya haɗa baƙi. Wata safiya Suwaibatu ta makara, ta shigo ta tarar da matan sun yi cincirindo a gaban allo, Delu mai kitso tana bi da yatsa tana karantawa da ƙarfi.

“Su-wai-ba. I-na son ki. Ki ba ni i-zi-ni in tu-ro.”

Guɗa ta kaure. Suwaibatu ta rufe fuska da mayafi, Selina tana tafi tana cewa yau ta tabbata karatu ya shiga. Inno ta ce ita dai an ƙwace mata miji, amma ta yafe.

Da la'asar ta jira shi a bakin ƙofa, ta ce ya tona mata asiri a gaban duniya. Ya ce laifinta ne da ta iya koyarwa.

“To amsa fa, Suwaiba?”

“Ka turo,” ta ce, kanta a ƙasa.

A shekarar ne aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, kowane mai takarda yana rige-rigen tafiya can neman kujera. Kuɗin mai ya shigo gari, 'yan kwangila suna ta gine-gine. An nemi Ja'afaru da wani babban aiki a sabuwar ma'aikata, ya ce a bar shi a Gombe. Wannan labari ne ya riga magabatansa isa kunnen Alhaji Joda.

Alhaji dillalin shanu ne, mutum mai auna abu kafin ya taka. Ya ce wa 'yarsa ba shi da wata ƙiyayya da yaron, kowa yana yaba halinsa. Amma wanda aka miƙa wa ci gaba ya ture, ya zaɓi gyaran benci da sayen alli, da me zai riƙe gida? Ya ce ba zai yi mata dole ba, amma ba zai sa hannu a abin da bai kwanta masa ba.

Ga kuma Bamanga, ɗan amininsa, wanda kwangilar siminti ta ɗaga cikin ɗan lokaci. Yakan zo gidan a sabuwar fijo, ya gaida Alhaji, ya nemi ganin Suwaibatu. Abu biyu yake so a gidan. Yana son 'yar, yana kuma son siton nan na bakin titi ya rushe ya gina gidan mai. Suwaibatu ta gaya masa cikin ladabi cewa ta riga ta yi alkawari. Ya yi murmushi ya ce lokaci zai nuna.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya kira Ja'afaru zaure, suka daɗe. Ba wanda ya gaya mata abin da aka tattauna. Sai Bamanga ne ya tare ta a ƙofar gida ya ce yana taya ta murna, malaminta ya yi hankali. Wai Alhaji ya ce wa Ja'afaru in yana son aure ya mayar da mabuɗin sito ya karɓi aikin Bauchi, kuma ya amince. In ba ta yarda ba ta je ta gani.

Ta je. Daga nesa ta hango ana ɗora benci a amalanke, Ja'afaru da kansa yana ɗauke da babban allo a ka. Ba ta ƙarasa ba, ta juya.

Ta yi kwanaki ba ta fita ba. Ta ce wa mutanen gida zazzaɓi ne. Abin da ke cin ta shi ne wai saboda ita za a rufe wurin. Ta tuna Delu da ta fara karanta katin asibitin ɗanta da kanta, ta tuna matan da ke kawo jarirai daga bakin kwari. Kuma mutumin da ta so domin tsayuwarsa a kan wannan aiki, ashe magana ɗaya ta isa ta kayar da shi. Ya aiko Selina sau biyu, ta ƙi fitowa.

A zuwa na uku Selina ba ta nemi izini ba, ta shiga har ɗaki ta ce ta tashi ta sa mayafi, akwai abin da za ta gani da idonta.

Filin gidan Iya mai waina ta kai ta. An jera benci a ƙarƙashin tsamiya, an rataye babban allo a jikin katanga, sikelin jarirai yana lilo a reshe. Ja'afaru yana kan tsani yana ɗaura rumfar zana. Ya rame. Da ya gan ta ya sauko, ya tsaya nesa kaɗan.

Ta ce ta ji ya sayar da Ɗakin Jama'a ya sayi aure.

Ya ce siton na Alhaji ne, aro ya ba su, kuma ya gode masa, zai mayar da mabuɗi da zarar sun gama kwashe kaya. Amma ya gaya masa aikin ba nasa ba ne shi kaɗai balle ya ajiye, ko a gindin bishiya za su ci gaba. Bauchi kuma ba zai je ba.

“To da Baaba ya ce ka zaɓa fa?”

“Na ce masa ba zan iya sa ki a sikeli ɗaya da komai ba. Ya ce to in je in yi tunani.” Ya sunkuyar da kai. “Na ɗauka na rasa sito, na rasa ki. Da kika ƙi fitowa na ce shi ke nan.”

Suwaibatu ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Hawaye suka zubo mata, ta ce ya yafe mata, ta saurari maganar wani ba ta saurare shi ba.

“Ba komai, Malamata. Kin dawo dai.”

“Na dawo. Kai kuma ka daina ramewa, ba ya yi maka kyau.”

Da ta koma gida ta kwashe komai ta gaya wa Inno. Washegari da sassafe tsohuwa ta naɗe tabarma, ta ɗauki butarta da allonta, ta nufi Tudun Wada. Ta shimfiɗa a tsakiyar siton da babu kowa, ta aika a gaya wa Alhaji cewa in zai sayar wa Bamanga, ya sayar har da ita a ciki.

Kafin azahar mata sun cika wurin, kowace da tabarmarta. Bamanga ya zo da masu awon fili, ya leƙa, ya ga uwar Alhaji tana jan carbi, ya koma mota.

Alhaji ya iso ransa a ɓace, Suwaibatu tana bayansa. A bakin ƙofa suka ci karo da Ja'afaru, wanda labari ya taso daga ofis. Alhaji ya kalle shi ya ce wato shi ya haɗa masa wannan. Ja'afaru bai kare kansa ba. Ya wuce ya durƙusa a gaban Inno, ya roƙe ta ta tashi ta koma gida. Ya ce Alhaji bai zalunce su ba, shekaru ya ba su wurin ba tare da ya nemi komai ba, kuma gara su yi karatu a rana da a ce saboda su uwa da ɗa sun sami saɓani. Sannan ya ciro mabuɗin daga aljihu, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

Alhaji bai karɓa ba. Ya dubi mabuɗin, ya dubi matan da suka yi tsit. Inno ta yi masa magana da Fulatanci, a hankali, ta ce ita da tsufanta a nan ta fara rubuta sunanta, kuma yaron da ya riƙe mutanen da ba danginsa ba haka, ba zai bar matarsa da yunwa ba.

Alhaji ya ce wa Ja'afaru ya riƙe mabuɗin tukuna. Ya kama hannun mahaifiyarsa suka tafi.

Ba a sake ta da maganar a gida ba har mako ya zagayo. Suwaibatu ba ta cin abincin kirki, duk sallamar da ta ji a zaure sai ta zabura. Daga baya ta ji cewa Alhaji ya je tashar jirgi da kansa ya yi tambaya, ya je wurin liman, har filin Iya ya je ya zauna a benci yana kallon ajin maza.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira ta. Ya ce ya gaya wa Bamanga ya nemi fili a wani wuri. Siton kuma ya bar wa unguwa har abada, sadaka ga mahaifinsa. Ya gyara hula.

“Ki gaya wa malamin naki ya turo magabatansa. Na gaji da faɗan Inno.”

Ta durƙusa za ta yi godiya, kuka ya ƙwace mata. Alhaji ya ce ta tashi ta tafi, ba ya son shirme, amma shi ma muryarsa ta canja.

Bayan damina aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji a Jekadafari, lokacin an riga an tura Suwaibatu koyarwa a wata firamare a unguwar Arawa. Walimar kuwa mutanen Tudun Wada suka ce tasu ce. Suka shafe Ɗakin Jama'a da farar ƙasa, direbobi suka yi jigilar baƙi kyauta, Iya ta yi waina har ta ce hannunta ya mutu, Selina da matan cocinsu suka kawo tukwanen shinkafa.

Da yamma, kafin a kai amarya, Alhaji ya sa aka kira masa su biyun. Ya yi musu nasiha gajeriya, ya yi addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, aka shafa. Sannan ya kamo hannun 'yarsa ya sa a na Ja'afaru.

“Na ga yadda kake riƙe amanar mutane,” ya ce. “Ga tawa.”

Ja'afaru ya ce in Allah ya yarda. Suwaibatu ta saki numfashi a cikin lulluɓi, ta ƙara damƙe hannun mijinta.