Auta da Keken Ɗinkin Yaya

Yayan Auta tela ne, kuma da kekensa na ɗinki ake cin abinci a gidan. Sai ga cacar lamba ta shiga kansa. A cacar nan mutum yakan zaɓi lamba uku, daga ɗaya zuwa casa'in. In ukun suka fito, ya ci.

"Zan sayar da keken in sayi tikiti ɗari biyu," in ji Yaya. "Ai dole ɗaya ya ci."

Auta sarkin iyayi ta ce, "Sayar kawai, Yaya. Jerin lambobin guda nawa ne ma? Zan rubuto maka su duka."

Ta ɗauki littafin lissafinta ta fara: 1, 2, 3, sai 1, 2, 4. Kwana uku tana abu ɗaya. Littafi ya cika, yatsu suka gaji, ko hanyar gamawa ba ta kama ba.

A makaranta Malama ta ce, "Ina aikin gida?"

Babu. Aka hana Auta fita wasa. Cikin kunya ta faɗa wa Malama komai.

Malama ta ce, "Ba rubutawa ake yi ba, lissafawa ake yi. Lamba ta farko, zaɓi nawa gare ki?"

"Casa'in."

"Ta biyu fa?"

"Tamanin da tara, tunda an cire ɗaya. Ta uku tamanin da takwas."

"To, ninka su da juna. Sannan ki raba gida shida, domin lamba uku hanya shida ake jera su, kuma duk tikiti ɗaya ne."

Auta ta lissafa, ta sami 117,480. Sai ta tuna yau mai sayen keke zai zo.

Ana tashi daga makaranta ta zuba da gudu sai gida. Ta tarar har an fito da keken bakin ƙofa.

"Yaya, na yi kuskure," ta ce tana haki, ta miƙa masa takardar. "Tikitinka ɗari biyu a cikin wannan, kamar ka rufe ido ne ka shiga makarantarmu mai yara ɗari shida, ka ce ni za ka kamo."

Yaya ya daɗe yana kallon takardar. Can ya dubi mai saye ya ce, "Ka yi haƙuri, na fasa."

Inna ta rungume Auta don murna. Da yamma ƙarar keken ta cika gida, Yaya yana ɗinka wa Auta jakar makaranta.

Tun daga ranar Auta ta gane cewa caca asara ce, kuma ba ta sake ba da shawara sai ta yi lissafi tukuna.