Rumfar Caji a Kan Tsohuwar Rijiya

Magariba ta kawo jiki, Lantana na kwashe tuwo, sai fitilun motar suka kama da kansu. Motar lantarki ce mijinta Tukur ya sayo a Kaduna, ya kafa mata rumfar caji a bayan gidansu na Makarfi, daidai kan wata tsohuwar rijiya da aka rufe da kankare.

Tun daga ranar, da rana ta sunkuya sai tsakuwa ta riƙa sauka a kan kwanon rufin gidan. A leƙa, babu kowa. A kwana na biyar 'yarsu Khairiyya ta daina magana, ta koma zama jikin rumfar tana kasa kunne, kamar mai sauraron hira a ƙarƙashin ƙasa.

Tukur ya sa ta a mota sai Gubuchi, wurin Malam Sada mai ruƙiyya. Malam ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce sai ya ga gidan. Suka kamo hanya bayan la'asar, Malam a baya kusa da ita.

Suna wuce gonakin rake motar ta fara ƙara gudu. Tukur ya ɗaga ƙafa daga totur, ba ta rage ba. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai bishiyoyi na wucewa. Can gaba akwai kwana, ga mata ɗauke da itace.

Khairiyya ta yi dariya da muryar tsohuwa. "Ɗanɗana rashin hutu. Haka muke tun da ka ɗora mana ƙugin rumfar nan a ka."

Hannun Tukur ya nufi maɓallin kashewa, sai ya tuna gargaɗin wanda ya koya masa motar, cewa in aka kashe ta tana gudu sitiyari na iya ƙin juyawa. Ya haɗa ƙafa biyu ya danne birki iya ƙarfinsa, bai sassauta ba. Ya cire ta daga giya, ya kunna fitilun haɗari, ya riƙe sitiyari gam. A hankali birkin ya fara ci.

Malam ya kama goshin yarinyar yana karanta Ayatul Kursiyyu, ya tambayi mai maganar ko wace ce. Ta ce ita ce mai rijiyar, da jikokinta a ciki, sun kasa runtsawa. Sharaɗinta biyu: a ɗauke rumfar, a bar mata yarinyar ta taya ta zama.

"Rumfa za a ɗauke kafin gobe da azahar," in ji Malam. "Yarinya kuwa ba taki ba ce. Fita, ko in ci gaba."

Khairiyya ta yi atishawa sau uku, ta zube jikin kujera, ta kira babanta da muryarta.

Tukur ya gangara gefen titi, taku kaɗan kafin kwanar. Sai da tayoyin suka tsaya cak sannan ya kashe motar.

Matan nan suka zo wucewa da itacensu, suka ce, "Sannunku da hutawa."

Malam ne kaɗai ya iya amsawa.