Fayil Ɗin da Ya Ƙi Goguwa

Rana ta yi ja, inuwa ta cinye rabin tsakar gida, maigidan kuwa yana gaban kwamfutarsa yana ta tsaki. Mai buga takardu ne, irin mutanen nan da ko tsinke suka gani a tabarma sai sun tashi sun ɗauke. Tun ranar da ya taɓo wani wuri na'urar ta fara nuna ɓoyayyun fayiloli, ya hangi wani ɗan fayil dishi-dishi a jakar hotunan gida. Ya goge. Washegari ga shi nan zaune daram. Mai gyaran kwamfuta ya ce ba cuta ba ce, ƙananan kwafin hotuna ne na'urar ke tarawa don ta riƙa buɗe su da sauri.

"Kwafin me? Jakar fa babu komai a ciki!"

Da gaskiyarsa. Bayan rasuwar matarsa ya share hotunan kaf, don kallonsu na karya masa zuciya. Ya kuma sa aka sare bishiyar da take zama a gindinta. 'Yarsa tilo ba ta ce uffan ba.

A wannan yammacin ya goge karo na sha tara. Bai ɗauke yatsa ba dutse ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwal! Sai wani. Ya fita, babu kowa, iska ma ta tsaya cak. Da ya koma ɗaki fayil ɗin ya riga shi dawowa.

Kwana bakwai ana haka: shi gogewa, rufi jifa. Taurin kai dai, sai ka ce da sa'ansa yake yi. Rana ta takwas aka tarar da yarinyar tsaye a kan kututturen bishiyar, ido a kafe, tana magana da murya irin ta tsoho. Gwaggonta, yayar maigidan, ta yafa mayafi ta ɗauko malamin ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago kai.

"Wane ne kai?"

"Ni maƙwabcin maigidan nan ne," in ji muryar, a gajiye. "A bishiyar nan nake tun ba a aza tubalin gidan ba. Ya sare, na yi haƙuri na koma cikin hoton bishiyar. Ya goge hoton, na matse a ɗan ƙaramin da ya rage. Shi ma kullum sai ya rushe min, kullum sai na sake gini. Malam, kai za ka jure?"

"Yarinyar me ta yi maka?"

"Ita ke zuwa ta buɗe jakar in ya fita, ta zauna tana kallon wayam tana kuka. Na yi jifa bai ji ba. Na ce bari in ari bakinta, tunda ita ta kasa faɗa."

Maigidan ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, da haushin kansa.

"Jikin mutum ba masaukinka ba ne," in ji Malam. "Fita."

"Zan fita. Ya bar min fayil ɗin, ya kuma nuna mata abin da ke ciki."

"Na bari," maigidan ya ce. "Wallahi na bari."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta sulale jikin gwaggonta.

Da safe mai gyara ya zo ya buɗe fayil ɗin. Hoto ɗaya ne, bai wuce farcen babban yatsa ba: bishiya, da mace zaune a gindinta. Maigidan ya ce a ƙara girmansa. Aka ƙara, ya dagule ya zama tabo-tabo.

"Na asalin fa?"

"Ai kai ka goge shi, maigida."

Fuskar matar ba ta kai ƙwayar wake ba. Yarinyar ta matso har hancinta na taɓa gilashin, ta ce, "Baba, dariya take yi." Shi kuwa ya goge tabarau, ya mayar, ya sake gogewa, bai iya gani ba.